Ejike Ba Ya Ɓata Gida

A'a, ba tarin tibi ba ne. Na gaji da maimaitawa. Ba tibi ba ne, ba sigari ba ce, mutumin nan bai taɓa sa kara ɗaya a bakinsa ba, kuma ba wani abokin sana'a ne ya yi masa asiri ba, don Allah ku bar wannan zancen. Jiya ma a teburin mai shayin bakin layinmu na ji wani yana rantsuwa wai jifa ne, wai an ga fasasshen ƙwai a ƙofar shagon matarsa. Shagon kayan masarufi ne fa. Ƙwai take sayarwa. Me kake so a gani a ƙofar?

Ƙura ce ta cinye huhun Baban Ebube. Ƙurar tayil. Kuma kafin wani ya rubuto min a ƙasa wai ai kowa a Kano ƙura yake shaƙa bai mutu ba, tsaya ka karanta tukuna. Ni ma haka nake cewa, har sai da na ga mutumin da yake saɓa kwalin tayil biyu ya hau bene yana waƙa ya koma ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa sai ya huta. Shi nasa ya riga ya faru, ya sani. Abin da ya hana shi sukuni shi ne abokin aikinsa Gambo, don shi ya koya masa abin da ya kai shi nan, kuma Gambo bai daina ba.

Sunansa Ejike. Mu dai Baban Ebube muke cewa, da sunan babbar 'yarsa. A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife shi, mahaifinsa bakanike ne da ya zo daga kudu tun kafin a haifi iyayen wasunmu. In ka ji Hausarsa a waya ba ka cewa ba ɗan cikin gari ba ne. Shekararsa arba'in da huɗu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan da suke haya, shi ya sa na san abin da nake faɗa. Matarsa Felicitas, wato Maman Ebube, ita ce da shagon nan mai koren ƙyaure a bakin layi.

Yana ɗan shekara sha tara ya fara shimfiɗa tayil. A wani gini a hanyar Gidan Zu ya haɗu da Gambo, ɗan Unguwa Uku, dogo, mai surutu kamar rediyo. Tun daga nan ba su rabu ba. Gambo ya fi saurin hannu, Ejike ya fi ido. In ya gama banɗaki sai ya cika buta ya zuba a kusurwa mafi nisa, ya tsuguna yana kallo. In ruwan ya kwanta ko da faɗin tafin hannu ne bai gangara rariya ba, sai ya ɓalle wajen ya sake. Gambo ya yi ta mita.

"Kai wai masallacin Harami muke ginawa? Banɗakin yara ne fa!"

"Yaran ba mutane ba ne? Miƙo guduma, Malam Gambo."

Yawancin aikinsu ba a kango ba ne. A gidajen da mutane suke ciki ne, irin gidajen ma'aikatan nan na Tarauni, an gaji da daɓen siminti ana so a koma tayil, ga fenti an sha, ga labule, ga kujeru. To kun san injin yankan nan, giranda. In ta taɓa tayil sai farar ƙura ta turnuƙe, ta bi ko'ina, ta hau talabijin, ta shiga tukunyar miya. Masu gida su yi ta faɗa. An taɓa korarsu daga wani aiki da rana tsaka saboda ƙura ta shiga akwatin kayan uwar gida.

Ranar ne Ejike ya samo dabararsa. In sun isa gida, sai ya nemi ɗaki mafi ƙanƙanta, sito ko banɗaki. Ya auna duk abin da za a yanka, ya yi alama da fensir, ya kwashe ya shiga da shi. Ya rufe taga. Ya rufe ƙofa. Ya cusa tsohon buhun siminti a ƙarƙashin ƙofar don kada ko kaɗan ta fita. Ya ɗaura hankici a hanci, ya kunna inji. Awa ɗaya, awa biyu, wata rana har uku. In ya gama ma ba ya buɗewa, sai ya share wajen da tsintsiya a bushe, ya tattara a buhu, sannan ya fito. Falo fes, labule fes. Shi kuma fari fat tun daga gashin ido har yatsun ƙafa, mai shayi ya riƙa kiransa Baturen Gyaɗi-Gyaɗi.

Da wannan ya yi suna. Hajiya ta ba Hajiya lambarsa a wajen biki. "Kira Ejike, ba ya ɓata gida." Har a jikin katinsa ya sa aka rubuta. Aiki ya yi musu yawa, sai ya koya wa Gambo, suka riƙa karɓa-karɓa, amma Ejike ya fi shiga don shi ne mai awo.

Sai kuma madara. Wannan kam duk mun sani, kada wani ya yi fuska. Masu fenti, masu walda, masu buga bulo, kowa ya tashi aiki sai ya nemi madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Kullum yamma in sun dawo, Maman Ebube ta riga ta ajiye biyu a gefe. Ta huda su da ƙusa, huji biyu-biyu, ɗaya ta mijinta ɗaya ta Gambo. Su tsaya a ƙofar shago su ɗaga kai su shanye. Ko ranar da suka yi faɗa da mijin ba ta fasa ba, sai dai ta dangwarar masa ba magana. Shekara ashirin tana yi, a zuciyarta magani take ba shi.

Abin da na fara lura da shi waƙa ce. Yana cikin mawaƙan cocinsu, muryarsa ƙatuwa, duk safiyar Lahadi yana wanke babur yana rerawa, mu muna ji ta katanga har Innarmu takan ce limamin maƙwabta ya tashi. Shekara biyu da suka wuce sai waƙar ta fara yankewa a tsakiya. Ya ja, ya tsaya, ya yi tari. Daga baya sai ƙarar ruwa kawai muke ji.

Tarin busasshe ne, ba ya fitar da komai. Ya fara ramewa. In zai hau bene da kwali sai ya ajiye a tsakiya ya yi kamar waya yake dubawa. Suka je wani ƙaramin asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga tabo-tabo, aka ce tibi ne. Magani wata shida. Bai tsallake rana ɗaya ba. A lokacin ne wasu a layinmu suka daina sayen burodi a shagon, kun san kanku. Gambo kuwa kullum yana nan, a kwano ɗaya ma yake cin abinci da shi, wai in tibi ta isa ta kama shi ta gani. Da Ejike ya ɗan ji dama-dama sai ya koma aiki, ya koma ɗakinsa ya rufe. Wata shida ta cika, numfashi sai baya yake yi.

Akwai Anti Saude a ƙarshen layinmu, nas ce a asibitin koyarwa. Ina cikin shagon ranar, na je sayen sabulu, ta shigo sayen sukari da kayan aikinta a jiki. Sai tarin ya taso daga cikin gida. Ta tsaya da leda a hannu.

"Maman Ebube, har yanzu? Ba ya gama maganin ba?"

"Ya gama, Sista. Kamar ma ƙara masa aka yi."

"An sami ƙwayar cutar a majinarsa kuwa?"

"Sun ce ba su gani ba, amma hoton ya nuna."

"A can an tambaye shi aikin da yake yi?"

"Wa zai tambaya? Layi har waje."

"Yaya yake yankan tayil ɗin? Da ruwa?"

Sai Maman Ebube ta yi murmushi, wallahi da alfahari ta ba da labarin. Yadda yake rufe taga, yadda yake cusa buhu, yadda ko ɗigon ƙura ba ya fita. Ina kallon fuskar Anti Saude tana canzawa. Ta ajiye sukarin a kan kanta a hankali.

"Shekara nawa yana haka?"

"Tun kafin a haifi Ebube. Amma kada ki damu, kullum ina ba shi madara."

Anti Saude ta matso kusa da ita. Ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai ku same ni a bakin get ɗin asibitinmu. Kada ya je aiki. Ko waye ya kira, kada ya je." Ta fita ta manta sukarin. Ni ma na tsaya da sabulu a hannu ina bin ta da kallo. Matar da take ganin marasa lafiya kullum ce fa ta firgita haka.

Aka sa shi a babban injin hoto, aka ba shi wani bututu ya yi ta hurawa har ya ga jiri. Sati biyu bayan nan likita ya zaunar da su. Sunan ciwon silikosis. Anti Saude ce ta warware mana shi da Hausa a ƙofar shago. Ta ce tayil da dutse da bulo da kankare duk akwai sinadarin yashi a cikinsu, ana ce masa silika. In inji ya yanka a bushe, sai ya niƙe shi ya fi gari laushi. Wadda kake gani tana tashi ma ba ita ce mafi sharri ba, akwai wadda ido ba ya gani, ita ce take ratsa hankici kamar babu, ta gangara can ƙarshen huhu ta zauna. Jiki ya yi ta ƙoƙarin cire ta ya kasa, wajen ya zama tabo, tabo ya haɗu da tabo, huhun ya ƙame ya daina buɗewa. Ta ce a hoto yana iya kama da tibi, kuma mai shi ya fi saurin kamuwa da tibin ma, shi ya sa ake ruɗewa in ba a tambayi sana'a ba.

Maman Ebube ta ce, "To a ba shi maganin wankewa."

"Babu."

"A ƙasar waje fa?"

"Abin da ya ƙame ya ƙame, 'yar'uwa. Ana dai taimaka masa ya samu sauƙin numfashi, a kare abin da ya rage. Kuma wani lokacin ko an bar ƙurar ciwon yana ci gaba."

"To madarar fa?"

"Madara ciki take tafiya. Ƙura huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce."

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Tashi ta yi ta kwashe gwangwanayen madarar da ke jere a gaban kanta ta tura su can ƙasa bayan buhun shinkafa. Har yau in ka je saya, ba ta kallon hannunta lokacin da take miƙo maka.

Tun daga nan Baban Ebube ya koma zaman benci a ƙofar shago. Daga ɗakinsa zuwa bencin taku ashirin da uku ne, ya ƙirga, yana hutawa a na sha biyu, wajen famfo. Na taɓa tambayarsa yadda yake ji. Ya zaro biro daga aljihuna, ya cire ruwan, ya miƙo min kwankon.

"Toshe hanci ki ja iska ta nan."

Ban kai minti ɗaya ba na cire, idona ya kawo ruwa.

"Ke kin cire," in ji shi. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Amma ba wannan ne yake cinsa ba. Gambo ne. Mutumin da bai gudu ba lokacin da ake cewa tibi ne, ranar da ya ji cewa ƙura ce sai ya ɗauke ƙafa. Sati ɗaya, wata ɗaya, wata uku. A kira shi, wayar ta yi ta ringi. Maman Ebube ta ce butulci ne. Ejike ya girgiza kai.

"Ba butulci ba ne. Tsoro ne. In ya kalle ni kansa yake gani."

Rabi'u mai adaidaita sahu, wanda ya saba kai musu kaya, shi ya kawo labarin da ya tayar da komai. Ya ce ya kai Gambo wani aiki a Tarauni, gidan wani Alhaji da ya yi ritaya, kuma tun daga Unguwa Uku har can Gambo tari yake yi. Ya ce ya kuma ga ya ɗauki tsohon buhu ya hau sama da shi.

Washegari Asabar da hantsi Baban Ebube ya sa riga ya ce Rabi'u ya kawo adaidaitarsa. Maman Ebube ta tare ƙofa.

"Likita ya ce ko kusa da ƙura kada ka je. Kana so ka kashe ni ne?"

"Ni na sa shi a ɗakin nan, Feli. Ni na nuna masa inda ake cusa buhu."

"To ka aika."

"Na aika sau nawa?"

Ta ga ba zai fasa ba, ga shi ba mai tsare mata shago. Ta juyo ta kalle ni ta ce in bi shi, ta danƙa min abin shaƙar da likita ya ba shi don buɗe numfashi. Haka na tsinci kaina a bayan adaidaita, ina jin numfashinsa a kusa da kunnena kamar ana goga takarda.

Tun daga bakin get muka ji kukan giranda daga sama. Gida mai bene, tsaf-tsaf, an yi shara, ga motar Alhaji a rumfa ko ƙura babu a jikinta. Na ɗaga kai, duk tagogin sama a buɗe sai ƙarama guda ɗaya. Baban Ebube ya kama ƙarfen bene ya fara hawa. Ɗaya, biyu. A matakala ta biyar ya zauna. Ya kira sunan Gambo, muryar ko ni da nake gefensa da kyar na ji. Ya zauna yana kallon sauran matakalar. Can sai ya sauko da baya-baya, ya lallaba bayan gida inda janareto yake, ya kashe, ya dawo gindin benen.

Shiru. Sai ƙarar buɗe ƙofa, sai zagi yana saukowa.

"Wane ɗan iskan ne ya taɓa min inji? Wallahi in na sauko..."

Gambo ya tsaya a tsakiyar benen. Fari fat, hankici a wuya, ido jajur.

"Oga."

"Malam Gambo. Ka ɓuya."

"Ayyuka ne suka yi yawa."

"Wayar ma aiki take?"

"Me ya kawo ka nan? Ba an hana ka ba?"

"Zuwa na yi in kai ka hoto."

"Hoton me? Aure zan ƙara?" Ya yi dariya shi kaɗai. "Lafiyata ƙalau. Mura ce. Ina shan madarata, har biyu nake sha yanzu."

"Ni ma na sha. Ka gan ni."

Sai ga Alhajin ya fito da jarida a hannu, yana tambayar wa ya kashe wuta. Da ya gane Ejike sai ya saki fuska, ya ce ai shi ya yi wa ƙanwarsa aiki, aiki mai tsafta. Baban Ebube ya gaishe shi, ya ce Alhaji a yi haƙuri a bar Gambo ya sauko da yankan tsakar gida, a sa ruwa. Alhaji ya dubi motarsa, ya dubi shukokinsa.

"A'a, ni fa don kada a ɓata min gida na kira ku. In a waje za a yi, ai da kowa ma zan iya kira."

Ya koma ciki. Ba mugu ba ne fa, ku lura. Bai sani ba ne, kamar yadda ku ma ba ku sani ba.

Gambo ya sauko saura taki uku, ya rage murya.

"Oga, ka bar ni. In na je suka ce akwai, sai in yi yaya? Wannan kaɗai na iya. Yara shida. Gara ban sani ba."

"Hau benen nan ka sauko sau biyu, sannan ka maimaita min abin da ka faɗa. In ka iya, na tafi."

"Ni ba yaro ba ne da za ka sa ni tsere."

"Ka hau mana."

Bai hau ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, sai tarin ya kufce masa, irin busasshen nan da na shekara biyu ina ji ta katanga. Ya buga ƙirji da hannu, ƙura ta tashi daga rigarsa. Iska kuwa ta kwaso ta ta yi wajenmu.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba kuma ba na fatan in sake. Baban Ebube ya ja numfashi, bai shiga ba. Ya sake ja. Ya dafa bango, ya zame ya zauna a ƙasa, baki a buɗe, jijiyoyin wuyansa duk sun fito. Na sa masa abin shaƙa, ya suɓuce min ya faɗi, na ɗauka na sake. Leɓensa ya fara komawa wata kala. Gambo ya yi tsalle zai riƙe shi, sai Baban Ebube ya ɗaga hannu yana korarsa, yana nuna rigar. Gambo ya kalli jikinsa. Ya fizge rigar ya jefar, ya ruga wajen duro ya kwara wa kansa bokiti guda, ya dawo yana ɗiga, ya sunkuce shi kamar jariri yana ihu, "Rabi'u! Rabi'u, tayar!"

A hanya Gambo salati yake yi, yana haɗawa da "Oga kada ka yi min haka, don girman Allah kada ka yi min haka." Ni kuma na kira Anti Saude, ban san me na ce mata ba. Danja ta tsayar da mu, Rabi'u ya hau gefen titi ya wuce.

Aka karɓe shi, aka sa masa robar oksijin a fuska. Mun fi rabin awa a tsaye kafin ƙirjinsa ya lafa. Da ya buɗe ido, ya ga Gambo a ƙarshen gado ba riga, wando a jiƙe, sai ya sa hannu ya janye robar. Nas ta mayar. Ya sake janyewa. Ya nuna Gambo, ya nuna ƙofa.

"Ho... to."

"Oga mayar da abin nan!"

Ya riƙe robar a gefe yana kallonsa, numfashin yana sake sarƙewa.

"Na ji! Wallahi na ji, zan je, yanzu ma! Mayar!"

Anti Saude, da ta riga ta iso, ta cire mayafinta ta jefa wa Gambo a kafaɗa ta ce, "Wuce mu je, Malam, tun bai kashe mana kansa ba."

An samu. Shi ma akwai, amma farko-farko ne. Likita ya ce masa in da hali ya bar ƙurar gaba ɗaya, in babu, to kada ya kuskura ya sake yanka a bushe ko a rufe, kuma ya riƙa zuwa ana dubawa. Yanzu duk yankan da yake miƙaƙƙe da abin hannu yake yi, wanda ake karce tayil a ɓalle shi. Sauran kuma a fili, da injin da aka yi shi don yanka da ruwa, ba wai ka tsiyaya ruwa a kan giranda wuta ta ja ka ba. Ya sayi takunkumin gaske mai matata, ya jefar da hankici. Kafin shara sai ya yayyafa ruwa. Kayan aiki a wajen aiki yake tuɓe su, ba ya shiga da su cikin 'ya'yansa. Duk yamma yana kan benci kusa da abokinsa, yana surutunsa, amma in ya yi tari sai su kalli juna.

Baban Ebube kwanansa tara a asibiti. Ya dawo da injin oksijin a gefen gado, kuma tun ranar bai koma yadda yake ba, bencin ma ba kullum yake iya kaiwa ba. In aka ɗauke wuta da rana, ina jin gudun Maman Ebube daga shago zuwa wajen janareto, ina jin tana jan igiya, ni ma sai in tsaya cak da abin da nake yi har sai ya tashi.

Alhajin Tarauni kuwa ya ba wani sauran aikin. Wani da ya yarda zai rufe ƙofa. Ban san sunansa ba. Na dai san gidaje biyu sun fasa ba Gambo aiki a watan nan da suka ji a tsakar gida zai yi yanka, kuma duk aikin da ya rasa, wani ne ya shiga sito ya ja ƙyaure. Wannan ne yake tayar min da tsigar jiki. Su nawa ne yanzu haka, daga nan zuwa Unguwa Uku, a cikin banɗakin wani, da hankici a hanci?

Don haka kada wanda ya rubuta min "Allah ya ba shi lafiya" ya wuce. Amin, na gode, amma ba shi na zo nema ba. Kai mai gida, in za a sa maka tayil, ka ba da tsakar gida da ruwa, mota a wanke ta. Ke Hajiya, labule ana kai shi wanki. 'Yan kwangila da injiniyoyin da kuke karanta wannan kuna shiru, ku fito ku faɗa mana me ya hana ku sayen takunkumi da injin ruwa, ina jira. Shugabannin ƙungiyar masu tayil, ku tara mutanenku ku gaya musu gaskiyar madara. Ma'aikatan asibiti, mai tari in ya zo, ku tambaye shi sana'arsa. In kuma kana da wa, ko miji, ko uba da yake yanka tayil ko dutse ko bulo yana wannan busasshen tarin, ka kai shi hoto a satin nan, ka faɗa wa likita aikin da yake yi da bakinka, sannan ka zo nan ƙasa ka rubuta unguwarku, mu san yawanmu. In ka ji giranda tana kuka a bayan rufaffiyar ƙofa, ko gidan waye, ka buga ƙofar har sai an buɗe. Ku yi magana!